Yaron Fau da Turancin Lissafi

Matafiyin da ya tashi daga Wad Madani ya nufi Gadarif a gabashin Sudan, kafin ya kai rabin hanya zai hango wasu duwatsu sun miƙe a tsakiyar shimfiɗaɗɗen fili mai baƙar ƙasa. A gindinsu garin Fau yake, hedikwatar gandun noman rani na Rahad, wanda aka fara nomawa a 1977, mai faɗin kusan faddan 300,000. Faddan ɗaya murabba'in mita 4,200 ne, wato ya ɗan ɗara eka. Ruwan gandun daga reshen kogin Nilu mai gangarowa daga Habasha ake jawo shi da injuna, a bi da shi ta ƙarƙashin kogin Dinder, a zuba a kogin Rahad, sannan a rarraba zuwa gonakin auduga da gyaɗa da dawa. Hausawa ba baƙi ba ne a wannan yanki. Kakanninsu sun biyo hanyar aikin hajji da ƙafa, wasu kuma sun yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas har ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa kusa da Sinnar. Daga can da sauran zangogi suka bazu cikin Jazira da Gadarif da garuruwan bakin kogin Rahad irin su Mafaza da Hawata, suna noma da su da kasuwanci.

Yaron da aka haifa a irin wannan gida yana haɗuwa da lissafi sau uku. Yana fara ƙirga da Hausa a tsakar gida, ko da Hausa gauraye da Larabcin Sudan. A makarantar gwamnati a koya masa da Larabcin littafi. In Allah ya sa ya yi nisa, wata rana zai buɗe littafin jami'a ko takardar jarrabawar neman gurbin karatu a waje, ya tarar da abin da ya sani sarai an rubuta shi da Turanci, ya kasa gane shi. Ra'ayina a kan wannan shi ne, a bar yaro ya koyi lissafi da harshen da yake tunani da shi, amma a koya masa Turancin lissafi da gangan, kaɗan-kaɗan, tun kafin ya gama sakandare. Masu cewa a mayar da darasin gaba ɗaya Turanci sun yi kuskure, masu cewa a rufe ƙofa ga Turanci su ma sun yi kuskure, kuma yaron ƙauye ne ke biyan kuɗin kuskuren kowannensu.

Ita kanta kalmar da Turawa ke kiran wannan fanni da ita, mathematics, ba wani abin tsoro a cikinta. Asalinta daga harshen Girkawa ne, daga wata kalma mai nufin abin da aka koya. Tana ƙarewa da harafin s kamar jam'i, amma tilo ake ɗaukarta a jimla, kamar yadda mu ma muke cewa lissafi yana da wuya, ba ma cewa suna da wuya. Mutanen Ingila suna gajarce ta su ce maths, daga nan ɗalibanmu na Najeriya suka samo "mas" ɗin da suke faɗa, Amurkawa kuwa math suke cewa. Akwai kuma arithmetic, wadda ta taƙaita ga tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa, irin lissafin kasuwa, alhali ta farkon ta haɗa har da aljabara da ilimin siffofi da ƙididdiga. Duk wannan bayani bai wuce minti biyar a aji ba. Abin lura shi ne, sanin sunan fanni bai ƙara wa yaro komai a fannin, kuma da yawa daga cikin masu gardamar harshen koyarwa suna haɗa sanin suna da sanin abin, su ɗauka wanda ya iya furta kalmar ya fi wanda ya iya aikin.

A duba abin da yaron Fau ke zuwa makaranta da shi daga gida. Ashirin, talatin, arba'in, hamsin har zuwa casa'in duk daga Larabci Hausa ta aro su, ta ajiye tsofaffin kalmominta irin su gomiya biyu da hauya. Haka sulusi da rubu'i da sudusi da sumuni, da sifiri da da'ira da murabba'i, kai har ita kanta kalmar lissafi. Saboda haka in malami ya ambaci waɗannan a aji, kunnen Bahaushe ya riga ya san su. Ga kuma lissafin da yake gani ana yi a gabansa. Faddan ana kasa shi ƙiraɗi 24. A ce mutum ya rasu ya bar fili faddan ɗaya, da mata da uwa da 'ya'ya. Malamin da ya karanta ilimin gado zai ba matar sumuni, ƙiraɗi 3 ke nan, ya ba uwar sudusi, ƙiraɗi 4, sauran 17 na 'ya'ya ne, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Bai taɓa jin sunan da littafin Turanci ke ba wannan aiki ba, amma ya nemo adadin da takwas da shida duk za su raba ba saura, wanda shi ne ainihin abin da ke ba ɗalibai wahala a babin gutsattsarin lamba. Manomi kuma ya san zakkar dawar da ruwan sama ya shayar ɗaya bisa goma ce, wadda aka shayar da inji da wahala kuwa rabin haka. A kasuwar amfanin gona ta Gadarif, inda ake gwanjon riɗi, ƙintari ratali 100 ne, kimanin kilo 45, amma ƙintarin audugar da ba a gurza ba ratali 315 ne. Suna ɗaya, awo biyu, kuma ɗan manomi bai cika ruɗewa ba. Yaron da ya tashi cikin wannan ba za a ce ya zo makaranta hannu rabbana ba.

Makaranta kuwa tana da nata sabon salo. Larabcin littafi daban yake da na kasuwa, kuma akwai wani abu da ke juya wa Bahaushe kai a farko: shi yana cewa ashirin da biyar, Balarabe yana cewa biyar da ashirin, yana fara ambaton ƙaramar lamba. A nan Hausa da Turanci hanyarsu ɗaya, Larabci ne ya bambanta. Sai kuma siffar lambobi. Littattafan makarantun Sudan suna amfani da lambobin Larabawan gabas, inda biyar ƙaramar da'ira ce, ٥, sifiri kuma ɗigo ne kawai, ٠, shida kuwa, ٦, tana kama da bakwai ta boko. Yaron da ya saba da waɗannan in ya ga 50 a karon farko, idonsa zai gaya masa lambar ƙarshe biyar ce. A manyan azuzuwa abin ya fi haka zurfi. Adadin da ba a sani ba, wanda littafin Turanci ke rubutawa x da y, a littafinsa harafin sin ne da sad, س da ص, kuma layin lissafin daga dama yake tafiya zuwa hagu. Ɗalibin da ya ci lissafi da maki mai kyau a jarrabawar kammala sakandare ta Sudan, ko da ɓangaren kimiyya ya bi, inda ake yin lissafi mai zurfi, yana iya tsayawa cak a gaban tambayar da ya warware irinta ɗaruruwa, don kawai an juya mata fuska an sauya mata haruffa.

Ba haka abin yake ba tun asali. A zamanin mulkin Ingilishi da shekarun farko bayan samun 'yancin kai a 1956, da Turanci ake koyarwa a sakandaren Sudan. Bayan juyin juya halin Oktoban 1964 aka fara mayar da sakandare Larabci daga 1965, sannan a 1990 gwamnatin Umar al-Bashir ta umarci jami'o'i su ma su koma Larabci, a daidai lokacin da ta buɗe sababbin jami'o'i da yawa a jihohi. Matakin farko yana da hujja mai ƙarfi, domin ya buɗe wa 'ya'yan talakawa ƙofar da a da ta 'yan kaɗan ce. Na biyun ne aka yi cikin gaggawa. Littattafan da ke ɗakunan karatu na kimiyya da injiniya suka ci gaba da zama na Turanci, fassara ba ta cim musu ba, wasu tsangayoyi, musamman na likitanci, suka ci gaba da Turanci ko gauraye, darasin Turanci a makarantun ƙasa kuma ya yi rauni. Tsarin mulkin wucin gadi na 2005 ya sake amincewa da Turanci a matsayin harshen aiki tare da Larabci, amma rubutu a takarda bai haifar da malamai ba. Masu hali a Khartoum suka kai 'ya'yansu makarantun kuɗi masu koyarwa da Turanci. Ɗan manomin Rahad aka bar shi da harshe ɗaya a duniyar da ke tambayarsa biyu.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya fito da wannan rauni fili. A Oktoban shekarar, UNICEF ta ce yara kusan miliyan 19 a Sudan ba sa zuwa makaranta. Da dakarun RSF masu yaƙi da sojojin ƙasar suka kama Wad Madani a Disamba, dubban mutane suka kwarara gabas ta kan titin Gadarif, Fau ta zama garin bakin daga, makarantu da yawa a jihar Gadarif suka koma matsugunin 'yan gudun hijira. Sojoji ba su ƙwato Wad Madani ba sai a Janairun 2025, ɗaliban da ya kamata su rubuta jarrabawar kammala sakandare a 2023 kuwa sai a ƙarshen Disambar 2024 suka samu zama. Waɗanda suka tsallaka Masar ko ƙasashen Larabawa sun ci gaba da Larabcinsu. Waɗanda suka faɗa Uganda ko Kenya ko Ruwanda ko Sudan ta Kudu ko Habasha kuwa sun tarar da makarantun gaba da firamare suna koyar da lissafi da Turanci. Darussan intanet na kyauta, da jarrabawar neman tallafin karatu, da guraben aiki a ƙungiyoyin agaji da suka cika Gadarif tun zuwan 'yan gudun hijirar Tigray a 2020, mafi yawansu Turanci suke nema. Ga yaron da makarantarsa ke iya rufewa a kowane lokaci, iya karanta lissafi da Turanci yana nufin zai iya ci gaba da karatu duk inda ƙaddara ta jefa shi.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne Turancin lissafi ƙarami ne, yana da iyaka. Ba a bukatar yaro ya iya hira da Bature ko ya karanta adabinsu kafin ya gane tambayar lissafi. Kalmomin fannin ƙididdigaggu ne, ana maimaita su daga babi zuwa babi, alamomin kuma kusan duk duniya ɗaya ne. Inda tarko yake shi ne a ƙananan kalmomin yau da kullum da lissafi ya ba su wata ma'ana. Yaro ya koya a darasin Turanci cewa table teburi ne, sai ya tarar a lissafi jadawali ake nufi. Ya san difference bambanci ne, sai a tambaye shi difference tsakanin 9 da 4, ya fara tunanin ta ina suka bambanta, alhali ɗebewa ake so ya yi ya ce 5. Product a kasuwa kaya ne, a lissafi sakamakon ninkawa ne. Ƙaramar kalmar of ma, in ta shiga tsakanin rabi da goma, ninkawa take nufi. Malamin Turanci ba ya koyar da waɗannan don ba fanninsa ba ne, malamin lissafi ba ya koyar da su don ba harshen darasinsa ba ne, sai su faɗa a tsakani, ba mai ɗauka. Wannan giɓi ne da ake iya cikewa da shafi ɗaya a ƙarshen kowane babi, ba sai an rushe manhaja ba.

Mai karatu daga Kano ko Zariya zai iya cewa, to me zai hana a yi yadda muke yi, a koyar da lissafin da Turanci tun daga firamare a huta? Wata ƙasa ta gwada, kuma ta fi Sudan kuɗi da malamai nesa ba kusa ba. A 2003 gwamnatin Mahathir Muhammad a Malesiya ta mayar da koyar da lissafi da kimiyya Turanci. A 2009 gwamnati ta sanar da janye tsarin, aka fara komawa harsunan ƙasa daga 2012, kuma daga cikin dalilan da aka bayar har da cewa malamai da yawa ba su ƙware da Turancin ba, yaran karkara kuma suna ta komawa baya. Dalilin a bayyane yake. Yaron da ake koya wa rabawa da harshen da bai iya ba, aiki biyu yake yi a lokaci ɗaya, kuma in ya kasa, malami ba zai san ko lissafin ne ya gagare shi ko harshen ba. Abin da ke biyo baya mun san shi a azuzuwanmu: yara suna rera jadawalin ninkawa baki ɗaya da murya mai daɗi, amma in ka tambayi ɗayansu da Hausa kuɗin mudu bakwai in kowane mudu naira kaza ne, sai ya koma ƙirga yatsu, don bai taɓa sanin waƙar da yake rerawa ita ce amsar ba.

Akwai kuma shaida daga cikin Najeriya. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a jami'ar Ife suka fara gwajin koyar da yara dukan darussan firamare da Yarbanci har shekara shida, ana koya musu Turanci a matsayin darasi mai zaman kansa. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, a sauran darussa kuma sun yi fice. Masu suka sun ce ai an ba su ƙwararrun malaman Turanci da sababbin littattafai, kuma gaskiya suka faɗa, amma wannan suka tana ƙarfafa abin da nake cewa ne, domin tana nuna Turanci yana shiga kan yaro in an koyar da shi da kyau a muhallinsa. Nijar ma ta buɗe makarantun gwaji masu harshe biyu tun 1973, farawa daga Damagaram. Za a ce ai gwamnatin Najeriya, wadda ta amince a Nuwamban 2022 a koyar da yaran firamare da harshen uwa, ta soke tsarin a Nuwamban 2025, ministan ilimi Tunji Alausa yana kafa hujja da faɗuwar ɗalibai a jarrabawa. Sai dai yaron da ya shiga aji ɗaya bayan 2022 bai ma gama firamare ba a 2025, balle ya zauna jarrabawar WAEC. Waɗanda suka faɗi da Turanci aka koyar da su. Ba a hukunta tsari da sakamakon ɗaliban da ba su bi ta cikinsa ba.

Daga ɗaya gefen kuma akwai masu cewa Larabci ya wadatar, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce. Kalmar aljabara daga sunan littafin Alkhawarizmi ta fito, wanda ya rayu a Bagadaza a ƙarni na tara, kuma daga sunansa shi kansa Turawa suka samo kalmar da masu kwamfuta ke kiran jerin matakan warware matsala da ita. Mu ma muna da namu. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Alkatsinawi ya bar Katsina ya tafi hajji, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan yadda ake tsara hatimin lambobi, irin wanda in gidajensa tara ne kowane layi, tsaye ko kwance ko a karkace, zai ba da 15. Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Hasan Aljabarti, mahaifin shahararren masanin tarihin Masar. Babu mai hankalin da zai ce Larabci ya gaza ɗaukar lissafi. Japan da Sin da Koriya ma da harsunansu suke koyar da 'ya'yansu, kuma suna gaba. Amma a dubi abin da mutanen nan suka yi da kyau. Malaman Bagadaza sun kai inda suka kai ne don sun fassara littattafan Girkawa da Indiyawa, sun koyi harsunan da ilimin yake ciki a zamaninsu. Alkatsinawi bai rubuta da Hausa ko Fulatanci ba, ya rubuta da harshen da masana daga Timbuktu zuwa Alƙahira za su karanta. Ɗalibin Japan kuwa, ko da yake da harshensa ake yi masa bayani, x da y yake rubutawa daga hagu zuwa dama, kuma ƙasarsa tana da ƙarfin fassara sababbin littattafai da zarar sun fito. Sudan ta yau ba ta da wannan ƙarfi. Hana yaro Turancin lissafi da sunan kishin Larabci ya saɓa wa sunnar waɗanda ake alfahari da su.

Suka ta uku ta fi kusa da gida. Za a ce yawancin jikokin Hausawa a Sudan, musamman na birane, Larabci ya fi Hausa zama a bakinsu, kuma makarantar gwamnati ba ta san da Hausa ba, to ina amfanin kawo ta cikin zancen? Na yarda da rabin farko, shi ya sa ban ce a fassara littattafan Sudan zuwa Hausa ba. Harshen da yaro ke tunani da shi nake karewa, ko wanne ne. In Larabcin Sudan ne, a yi masa bayani da shi. In kuwa daga ƙauyen da Hausa ce harshen tsakar gida ya fito, ko daga sansanonin ma'aikatan gona da ake kira kambo, inda ake jin harsunan Darfur da na yammacin Afirka, to kada a hana malamin aji ɗaya da aji biyu cewa tara, ɗebe, raba, kafin ya ba da sunayen littafi. Wannan ba ya bukatar doka ko kasafin kuɗi, izini kawai yake bukata da daina ɗaukar harshen gida abin kunya. Batun cewa harsuna uku sun yi wa kan yaro yawa kuwa, wanda ya zauna a yankin ya san yaran da ke juya harshe biyu ko uku a wasan ƙwallo ɗaya. Abin da ke gajiyar da yaro shi ne a ɗora masa sabon ilimi da sabon harshe a lokaci guda. In ya riga ya gane abu, ƙara masa suna na biyu da na uku abu ne mai sauƙi, kamar yaron da ya san kawunsa sarai, daga baya aka gaya masa a wurin aiki da wani suna ake kiransa.

Akwai masu cewa wayar hannu ta kashe wannan magana, tunda tana fassara komai. Tana fassarawa, in akwai caji da intanet, abubuwan da yaƙin nan ya nuna ana iya rasa su na makonni. Ba a kuma shiga ɗakin jarrabawa da ita, sannan wanda bai san ma'anar kalma a lissafi ba ba zai gane lokacin da injin ya ba shi ma'anarta ta kasuwa ba. Masu cewa ƙasar da ke cikin yaƙi ba ta da lokacin irin wannan zance sun fi ba ni tunani, domin yaron da ba shi da aji ba a yi masa maganar shafin ƙarshen babi. Sai dai lokacin da ake sake buɗe makarantu da sake buga littattafan da suka ƙone shi ne lokacin da gyara ya fi araha. Kuma in aka tilasta mini zaɓi tsakanin lissafin da Turancinsa, lissafin zan ɗauka ba tare da jinkiri ba. A karkarar Sudan akwai tsohon tsarin bashi da ake kira shel, inda ɗan kasuwa ke ba manomi kuɗi da damina, a biya shi da amfanin gona da kaka a kan farashin da aka yanke tun farko. A ce an yanke buhu a kan 20, da kaka ya kai 30 a kasuwa. Manomin ya yi asarar rabin abin da ya karɓa cikin wata huɗu ko biyar. Ɗansa da zai zauna ya lissafa masa wannan, ya kwatanta da wata hanyar samun jari, ya amfani gidansu ko da bai san harafin Turanci ɗaya ba. Shi ya sa tsarin da nake kira gare shi ya sa fahimta a gaba, Turanci a baya.

A aikace abin ba shi da tsada. A ƙananan azuzuwa a yi bayani da harshen da yaro ke ji, a ɗauko misalai daga faddan da ƙiraɗi da ƙintari da rabon gado. Tun daga aji huɗu ko biyar a saba masa da siffofin lambobi biyu, tunda duk biyun yana ganinsu a waya da takardun kuɗi. Daga matakin tsakiya, kowane babi ya ƙare da shafi mai ɗauke da kalmominsa da Larabci da Turanci, malami kuma ya ware ɗan lokaci a mako ya sake rubuta tambaya ɗaya da aka riga aka warware, wannan karon daga hagu zuwa dama da x da y. Malamin Turanci ya riƙa ɗauko wasu jimlolinsa daga littafin lissafi. Jarrabawa ta ci gaba da Larabci, don kada abin ya zama sabon shingen da zai kayar da ɗan talaka.

Mu Hausawan yamma muna da rawar takawa a nan, kuma bashi ne a kanmu. Kafin Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya kafa makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, sai da ya je Sudan ya duba yadda makarantunsu suke. Makarantar shari'a ta Kano da aka buɗe a 1934 da malaman Sudan ta fara. A kwalejin horon malamai ta Bakht ar-Ruda malamanmu da dama suka yi karatu a shekarun 1950, cikinsu har da Shaihu Abubakar Gumi, kuma har zuwa ranar da yaƙi ya tashi a 2023 dubban ɗalibanmu suna jami'o'in Khartoum. A shekarun 1980 an riga an tattara kalmomin lissafi da kimiyya na firamare cikin harsunan Najeriya tara, har da Hausa, saboda haka ba daga tushe za a fara ba. Jami'ar Bayero da ta Usmanu Ɗanfodiyo da ta Ahmadu Bello da ta Abdou Moumouni a Yamai duk suna da masana Hausa da Larabci da lissafi a harabar guda. Ina kira gare su da su haɗa kai da malaman makarantun jihar Gadarif su fitar da ɗan ƙaramin littafin kalmomin lissafi da Hausa da Larabci da Turanci, da boko da ajami, wanda za a iya bugawa da araha a kuma tura ta waya kyauta. Yaran Fau za su amfana da shi, haka ma ɗaliban makarantun Islamiyya da tsangayu na Kano da Katsina da Maraɗi.